Ilimin Jiri da Rawar Ido a Asibitocin Kano

Ilimin jiri da rawar ido fanni ne na likitanci da ke nazarin hajijiya, tangaɗi wajen tafiya da motsin ƙwayar ido ba da son mutum ba. Ya haɗa likitocin kunne da na ido da na ƙwaƙwalwa, domin can cikin kunne ne ma'aunin daidaiton jiki yake, kuma matsalarsa kan bayyana a ido.

A Kano, ɗaliban likitanci na Jami'ar Bayero na koyon fannin a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988. Mazauna unguwar Tudun Wada kuwa suna da Asibitin Muhammad Abdullahi Wase da ke Nassarawa kusa da su. Akwai kuma Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa a Kaduna.

Daga cikin abin da ake koya akwai gwajin Dix da Hallpike na 1952: likita ya juya kan majiyyaci gefe, ya kwantar da shi da sauri, ya zuba wa idonsa ido. Sai dabarar Epley ta mayar da ƙananan tsakuwoyin kunne mazauninsu, da gwajin HINTS na 2009, mai bambance jirin kunne da na shanyewar ɓarin jiki.

Tunda gani ya kori ji, masu koyo kan dogara da bidiyon majiyyata na taskar NOVEL ta Jami'ar Utah a Amurka, da littafin Leigh da Zee kan motsin ido.