Waiwaye Adon Tafiya: Nishaɗin Shekarar 1999 Daga Ƙauyukanmu



Yau shekara ɗaya tak za mu waiwaya, 1999, mu ga abin da ya nishaɗantar da mutanenmu a cikinta. Da yawa daga cikinmu a wannan zaure ko dai ana goye da mu a lokacin, ko kuma ba a ma haife mu ba. Mun zaɓe ta ne saboda a cikinta tsohon nishaɗi da sabo suka yi kiciɓis, kuma za mu dube ta daga inda muka fito, wato karkarar arewacin Kano: ƙasar Ɗambatta, Makoɗa, Bichi, Minjibir, Kunci da Dawakin Tofa, inda gona ke jingine da gona, ba ka yin tafiya mai nisa ba ka ga gida ba.

A irin wannan ƙasa wasa yana bin lissafi biyu ne, na wata da na noma. Shekarar ta shigo ana cikin azumi, aka yi ƙaramar sallah a watan Janairu, sannan wani azumin ya sake kamawa a Disamba. Ke nan yaran ƙauye sun yi tashe a farkon shekara da ƙarshenta, duka cikin sanyin hunturu. Babbar sallah ta zo a ƙarshen Maris. Bisa al'ada, hakimai kan ja mahayansu zuwa birni domin hawan Sarkin Kano Ado Bayero, irin su Sarkin Bai Mukhtar Adnan daga Ɗambatta da Madaki daga Dawakin Tofa. Wanda ya samu zuwa kallon Hawan Daushe ya samu abin hira a dandali har saukar damina.

Ba a gama cin naman layya ba sai ga ƙwallo. Daga 3 zuwa 24 ga Afrilu Najeriya ta karɓi baƙuncin gasar cin kofin duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20, kuma filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata na cikin filayen da aka buga. A nan Kano ne Najeriya ta fitar da Ireland da bugun fenareti, kafin Mali ta yi waje da mu da ci 3 da 1 a Enugu. Sifaniya ce ta ɗauki kofin bayan ta lallasa Japan 4 da nema a Legas, da wasu yara biyu a tawagarta, Xavi da Iker Casillas. Afrilu kuwa lokacin sharar gona ne da kai taki, ruwa bai sauka ba, hannu bai cika ba. Mai kuɗin mota ya shiga birni, wanda ba shi da shi ya kasa kunne a rediyo mai cin batir.

Sai damina ta kankama, ana tsakiyar noman farko, labari mai nauyi ya iso. Ranar 18 ga Yuni Allah ya yi wa Alhaji Mamman Shata rasuwa a asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, aka binne shi a Daura. Mutumin Musawa da ya yi fiye da shekara hamsin yana waƙa da kalangu, ya yi wa sarakuna, ya yi wa direbobi da manoma da 'yan kasuwa, har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa. Ga iyayenmu, muryarsa ce ke tashi a tashar mota da rumfar mai shayi da gidan biki. Rasuwar ta zo ne mako uku bayan komawar ƙasa mulkin farar hula ranar 29 ga Mayu.

A daidai wannan lokaci wani sabon sauti yana tasowa daga birni. Fim ɗin Hausa na bidiyo ya faro ne a 1990 da Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa, amma a 1999 kasuwarsa ta buɗe sosai. A shekarar kamfanin Sarauniya ya fitar da Sangaya, wanda Aminu Muhammad Sabo ya ba da umarni, Ali Nuhu da Fati Muhammad suka fito a ciki. Kiɗan waƙoƙinsa da fiyano aka haɗa shi a ɗakin naɗar sauti, ba da kalangu ko kukuma ba, kuma bayansa furodusoshi suka ɗauki rawa da waƙa a matsayin gishirin fim. A watan Maris Ibrahim Sheme ya fara buga mujallar Fim. A shekarar ne kuma Sunusi Shehu Daneji ya fito da kalmar Kannywood a mujallar Tauraruwa, shekara uku kafin a ji kalmar Nollywood.

Ta yaya wannan ya iso ƙauyen da babu wutar lantarki? Ta hannun mai janareta. Ya sayo kaset a Bata ko Ƙofar Wambai, ya ajiye talabijin da bidiyo a shago ko zaure, a biya kuɗi a shiga. Kaset ɗin waƙoƙin kuma ya riga fim ɗin isa, har 'yan mata suka riƙa rera su a dandalin da aka saba yin gaɗa. Littattafan soyayya ma haka suka yi tafiya. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino da Allura Cikin Ruwa na Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa sun riga shekarar fitowa, amma littafi ɗaya kan yi shekaru yana zagaye gidaje, daga hannun amarya zuwa na ƙawarta, ƙanin miji ne ɗan aike, har bango ya cire.

Da kaka ta yi, gero da dawa da gyaɗa suka shiga rumbu, sai fage ya koma hannun masu shi na asali. Lokacin kalankuwa ke nan da kokawa da dambe, wasan da aka san mahauta da shi, inda ake ja tsakanin Kudu da Arewa da Guramaɗa. A naɗe hannu da zare, makaɗi ya zuga, ɗan dambe ya yi kirari, wanda hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa an kashe shi. Yara na langa da rana, kakanni na tatsuniya da dare.

To 'yan uwa, ku lura da wani abu a wannan waiwaye. Inda muka yi maganar ƙwallo da fim da Shata, mun kawo rana da wata da suna, domin akwai waɗanda suka zauna suka rubuta. Jaridu sun adana sakamakon wasanni, mujallar Fim ta adana labarin 'yan fim, littafin Shata Ikon Allah ya adana rayuwar mawaƙin. Hatta gonakinmu, masana irin su Michael Mortimore sun yi shekaru suna auna su, suna rubuta yadda muke kai taki. Amma da muka zo kan damben kaka da tashe da gaɗa, sai muka koma cewa "akan yi". Wa ya kashe wa a fagen garinku a kakar 1999? Wane ne ya fara kawo bidiyo, kuma me liman da dagaci suka ce? Wace waƙar gaɗa ce ta yi tashe kafin fiyano ya ture ta? Amsoshin suna bakin mutanen da yau suka haura hamsin da sittin, kuma kullum raguwa suke yi. Abubuwa kuma sun sauya da sauri: a ƙarshen 2000 gwamnatin Kano ta dakatar da harkar fim, a 2001 aka kafa hukumar tace finafinai, a shekarar kuma wayar salula ta shigo, ita ce daga baya ta ɗauke kallo daga shagon mai janareta ta sa shi a tafin hannu.

Saboda haka aikinmu na wannan mako ba ƙirƙira ba ne. Kowa ya sami dattijo ko dattijuwa ɗaya a garinsu, ya tambaye su abin da suka fi so a shekarar da Shata ya rasu, domin da wannan za su fi gane ta fiye da lamba. A rubuta sunan gari da lokacin shekara, a bambanta abin da mutum ya gani da abin da aka ba shi labari, a nemi izininsa kafin a ambaci sunansa. Shafi ɗaya ya isa. In mu ashirin muka kawo shafi ɗaya-ɗaya, mun haɗa babi guda na tarihin karkarar Kano.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya yi wa alƙalumanmu albarka. Sai mun ga naku.