Shin Alƙalami Kaɗai Zai Iya Riƙe Gida?

Tarihin ƙagaggun labaran Hausa ya nuna cewa da wuya alƙalami kaɗai ya riƙe gidan marubuci, kuma babban dalili shi ne marubucin ba shi da iko da hanyar da littafinsa ke bi kafin ya isa hannun mai saye. Waɗanda suka yi fice a gasar da Hukumar Fassara ta shirya a 1933 albashi suke ci. Abubakar Tafawa Ɓalewa malamin makaranta ne lokacin da ya rubuta Shaihu Umar. Abubakar Imam ma yana koyarwa a Katsina ya rubuta Ruwan Bagaja, kafin ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939.

Za a iya cewa adabin kasuwar Kano, wanda ya bunƙasa daga shekarun 1980, ya rushe wannan hujja, tunda littattafansa sun shiga lungu da saƙo. To amma a duba yadda cinikin yake. Marubuci ne zai biya kuɗin ɗab'i daga aljihunsa, ya kai wa dillali littattafan bashi, sai an sayar a riƙa gutsura masa kuɗin kaɗan-kaɗan. Waɗanda suka tsaya da ƙafarsu sun haɗa rubutun da wata sana'a. Ado Ahmad Gidan Dabino, mai In Da So Da Ƙauna, ya zama maɗabi'i kuma mai shirya fim, ita ma Balaraba Ramat Yakubu ta shiga harkar fim.

Yau ana kafa hujja da marubutan intanet, masu sakin shafukan farko kyauta sannan su buɗe zauren WhatsApp na masu biya. Lalle dillali ya fita daga tsakani, kuma wasu na samu. Sai dai mutum ɗaya ya isa ya tura littafin ga ɗaruruwa, wani kuma ya karanta shi a YouTube ba da izini ba.

Masu cewa neman kuɗi na ɓata adabi sun manta cewa marubucin da ake biya da kyau shi ke da sukunin bincike da tace aikinsa. Matsin rayuwa ne ke haifar da gaggawa da jan labari ba gaira ba dalili. Saboda haka abin da ya kamata ƙungiyoyin marubuta su sa a gaba shi ne rubutacciyar yarjejeniya da dillalai da masu fim, da hanyar rarraba littattafai mallakinsu, da matsa wa hukuma ta aiwatar da dokar haƙƙin mallaka ta 2022. Idan an samu waɗannan, rubutu zai iya zama sana'ar da mutum zai dogara da ita.