Tarihin Katakon Sauna: Yadda Itacen Najeriya Ya Shiga Ɗakin Wankan Mutanen Finlan

Yau za mu leƙa ƙasar Finlan da ke arewacin Turai, mu shiga wani ɗaki da suke kira sauna. Ga wanda bai sani ba, ɗaki ne na katako, ana gasa duwatsu a ciki har su yi zafi, a riƙa watsa musu ruwa tururi yana tashi, mutum ya zauna ya yi gumi sharkaf. Kamar dai sirace, sai dai na duk jiki. Zafin ciki yakan kai digiri 80, wani lokaci har 100.

Mutanen Finlan ba su wuce miliyan biyar da rabi da ɗoriya ba, amma suna da sauna kusan miliyan uku. A shekarar 2020 ma hukumar UNESCO ta sa wannan al'ada cikin jerin al'adun duniya da ake adanawa. To tambayarmu ta yau ita ce: a ɗakin da ke da irin wannan zafi, a kan wane katako za ka zauna bai ƙone maka fata ba? Amsar wannan tambaya ta canja har sau uku, kuma a karo na biyu labarin ya biyo ta dazuzzukanmu.

Mu fara da zamanin da. Tsohuwar sauna ita ce wadda suke kira savusauna, wato sauna mai hayaƙi. Ba ta da bututun fitar da hayaƙi. Ana hura wuta ƙarƙashin tulin duwatsu na tsawon sa'o'i, hayaƙi ya cika ɗakin, idan wuta ta mutu a buɗe ƙofa ya fita, sannan a shiga. Bangon yakan yi baƙi ƙirin da kunkunniya. Da gungume ake gina ta, ana ɗora wani kan wani, a cusa gansakuka a tsakaninsu don kada iska ta shiga. Itatuwa biyu ne suka cika dajinsu, mänty da kuusi, dogaye ne miƙaƙƙu masu ganye kamar allura, su ake sara don bango. Gungume mai kauri yana shan zafi ya riƙe, yana sakinsa a hankali. Itacen koivu mai farin ɓawo kuwa shi ne na hura wuta, kuma da rassansa masu ganye ake ɗaura ɗan dami ana bubbuga jiki.

Kada ku ɗauka wurin shaƙatawa ne kawai fa. A ƙauye babu ɗakin da ya kai shi ɗumi da tsafta, kuma nan ake samun ruwan zafi. A nan mata suke haihuwa, a nan ake wanke mamaci. Urho Kekkonen, wanda ya zama shugaban ƙasar a 1956 ya kuma yi shekara 25 a kan mulki, a cikin irin wannan sauna aka haife shi a 1900, a wani gari da ake kira Pielavesi. Amma tana da haɗari. Busasshen katako da kunkunniya da wuta a ɗaki ɗaya, kun san abin da zai iya biyo baya. Shi ya sa ake gina ta nesa da gida.

Yanzu ga matsalar. Waɗancan itatuwa biyu suna da ƙaro a jikinsu. A bango babu damuwa sosai, amma idan ka yi benci da su, zafi yana narkar da ƙaron ya tsatso, musamman ta wurin da reshe ya taɓa fitowa. Ka zauna a kan narkakken ƙaro a digiri 90, ai ba sai an faɗa maka ka miƙe ba. Sai kafintocinsu suka koma ga wani itace mai suna haapa. Fari ne, ba shi da ƙaro, ba ya yawan sartse, kuma ba shi da nauyi. Sirrin yana nan a rashin nauyin: katako mara nauyi cike yake da ƙananan kafofi na iska, ita kuwa iska ba ta saurin kai zafi. Ku gwada taɓa ƙofar ƙarfe da kujerar katako da suka wuni a rana ɗaya, za ku gane abin da nake nufi. Saboda haka ne ma suke ɓoye kan ƙusa a jikin benci, ba sa kuma shafa masa fenti.

Wannan ita ce amsa ta farko: bango daban, benci daban, duk daga dajin gida.

A ƙarni na 20 abubuwa suka sauya. Murhu mai bututu ya yaɗu, sannan a 1938 kamfanin Metos ya fito da murhun lantarki. Bayan yaƙin duniya na biyu mutane suka yi ta ƙaura zuwa birane, sauna ta biyo su har cikin gidajen bene. Ta tashi daga baƙin ɗakin gungume ta koma ɗan ɗaki mai haske da aka lulluɓe da sirarren katako. Mai saye kuma yana son benci sumul, babu ƙulli ko ɗaya.

A nan ne aka juyo Afirka ta Yamma. Akwai wani ƙaton itace a dazuzzukan kudu, a Najeriya ana ce masa obeche, Yarbawa suna kiransa arere, a Kamaru ayous, a Ghana kuma, kada ku yi dariya, sunansa wawa. A Turai sai suka sa masa abachi. Ba shi da ƙaro, ya fi haapa rashin nauyi, kuma saboda girmansa ana iya fitar da dogon katako babu tabo. A zamanin Turawa yana cikin manyan itatuwan da ake fita da su daga Najeriya ta tashoshi irin su Sapele. A shekarun ƙarshe na ƙarni na 20, benci na abachi ya zama ruwan dare a saunar Finlan da ta Jamus. Mutum yana zaune cikin tururi, waje ga dusar ƙanƙara, amma abin da yake zaune a kai a dajin Afirka ya girma.

Sai dai hakan bai tafi babu surutu ba. Yayin da ake ta maganar ƙarewar dazuzzukan Afirka, masu saye suka fara tambaya: ƙasar da kusan kashi uku cikin huɗu nata daji ne, me ya kai ta sayen katako daga wata nahiya? Amsa ta uku daga ɗakin bincike ta fito. A shekarun 1990 cibiyar binciken fasaha ta ƙasar, VTT, tare da masana'antun katako, suka inganta wata hanya ta gasa katako cikin tururi a zafin da ke kusa da digiri 200, ba tare da sinadari ba. Tururin shi ke hana shi kamawa da wuta. Ƙaron ya fita, katakon ya yi duhu, ya rage shan ruwa da kumbura da ruɓewa. Suka sa masa suna ThermoWood. Yau idan ka je sayen benci a can, gasasshen haapa na cikin abin da za a fara nuna maka, kuma suna sayar wa duniya.

To jama'a, ga abin da ya tsaya mini a rai. Wannan itace namu ya ci jarrabawa mafi wuya, ya shiga ɗakin da su kansu suke ji da shi, ya yi musu aiki. Amma mu sara muka yi muka loda a jirgi. Su kuwa da suka ga dogaro da dajin wasu ba zai ɗore ba, sai suka koma kan itacensu suka ƙara masa ilimi, darajarsa ta ƙaru. Idan ka shiga kasuwar katako ka ji ana cinikin obeche, ka tuna inda ya taɓa kaiwa, ka kuma tambayi mai sayarwa ko ya san wanda yake dasa wani.

Nan za mu dakata. Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.