Daga guga zuwa bututun roba a ƙasar Namoda

Jirgin ƙasa ya iso Ƙaura Namoda a 1929, nan kuma layin dogon da ya taso daga Zariya ta Funtuwa da Gusau ya tuƙe. Gyaɗa da auduga ya zo ɗauka, amma ya sauke ƙarfe iri-iri, har da bututun da ke shayar da tukunyar jirgin. A cikin gari kuwa guga ce da tulu, sai rijiya da gulbin Gagare. Haka abin yake a Shinkafi da Zurmi, inda da rani ake tona yashin gulbi a jira ruwa ya tsattsafo.

Da ruwan famfo ya fara shiga garuruwan nan, a bututun ƙarfe ya shigo, kuma aikin ƙarfe ba na kowa ba ne. Sai an ɗaure bututu, an yanka da zarto, an fitar masa da zare a baki kafin a murɗa shi cikin ɗan'uwansa. Ga nauyi, ga tsada. Bayan 'yan shekaru tsatsa ta cinye cikinsa, ruwa ya riƙa fitowa ja. Shi ya sa famfo ya daɗe a bakin titi da gidajen ma'aikata, sauran jama'a suna jiran 'yan ga-ruwa.

A Jamus aka fara ƙera bututun roba na PVC wajajen 1935, amma ya daɗe bai zama kayan talaka a nan ba. Abin da ya buɗe masa hanya rijiyar burtsatse ce. Hukumar DFRRI da gwamnatin Babangida ta kafa a 1986 ta yaɗa famfon tuƙa-tuƙa a karkara, bayan ƙirƙiro Jihar Zamfara a 1996 kuma gine-gine suka ƙaru. Mai hali ya daina jiran hukumar ruwa. Ya haƙa tasa rijiyar, ya zura injin sumo, ya ɗora baƙin tanki a kan ƙarfe, kaya kuma daga Kano ake lodo su.

A nan roba ta nuna amfaninta. Mai aikin famfo zai sauko da bututu mai inci ɗaya daga tanki, ya rage shi zuwa rabin inci a bakin shawa da wurin alwala, ya ba masai mai inci huɗu. Yanka ne kawai, a goge baki, a shafa gam, a cusa cikin elbo ko soket. Gam ɗin nan narkar da fatar robar yake yi har guda biyun su zama ɗaya, don haka ƙura ko danshi kaɗan ya isa ya ɓata haɗin. Daga baya koren bututun PPR ya zo, wanda ake gasa bakinsa da inji kafin a haɗa, yana kuma jure ruwan zafi. Duk wanda ya ga tsohuwa ta murɗa kan famfo a tsakar gidanta, bayan shekarun da ta yi tana sunkuyo a bakin rijiya, ya san abin da robar nan ta sauƙaƙa.

Sai dai sauƙin ya jawo ganganci, abin kuma yana damuna. Ana sa siririn bututun zubar da ruwa a inda ake buƙatar mai kauri, don a rage kuɗi. Ana barinsa a fili, ranar Zamfara ta gasa shi har ya riƙa karyewa kamar kara. Mafi muni shi ne wanda ake ratsawa da shi ta cikin kwata. In ya tsage, aka kuma ɗauke ruwa, sai ya zuƙo ƙazantar kwatar zuwa randar gida, a yankin da amai da gudawa ke yawan dawowa da damina. Sau da yawa ramin da aka ƙi haƙawa don binne shi bai wuce aikin yini guda ba.