Damin Waya da Masu Farke Shi

Wasu littattafan kamfani sukan ce idan wayoyin fitilar mota suka lalace a ciro damin gaba ɗaya a sa sabo. Mu masu wayarin ba mu taɓa aiki da wannan shawara ba sai dole ta kama. Farke damin muke yi, mu bi waya ɗaya bayan ɗaya har mu iske inda ta ƙone ko ta tsinke, mu yanke wurin, mu ɗaura. Sau da yawa ɓarnar ba ta wuce tsawon ɗan yatsa ba, a cikin damin da ya tashi daga bonet har but.

Waɗanda suka koya mana aiki 'yan zamanin Fijo ne. Kamfanin PAN ya fara harhaɗa motocin Fijo a Kakuri, Kaduna, a 1975, daidai lokacin da kuɗin Udoji, wato ƙarin albashin gwamnati, suka shiga aljihun ma'aikata, sai 504 ta cika hanyoyin Arewa: ita ce motar ofis, ita ce ta haya, ita ce ta mai kuɗin unguwa. Wannan ya sauƙaƙa koyo ƙwarai. Yaro in ya haddace wayarin ɗin 504 ya gama da rabin motocin gari. Faransawa, masu Fijo, lamba suke sa wa wayoyinsu, ba su cika dogaro da launi ba, don haka za ka ga dattijon da bai yi boko ba amma ya san lambar kowace waya da inda ta nufa. Fis ɗin ba su da yawa, kwan fitila iri kaɗan ne, kayan aiki kuwa filaya da sukundireba da testa, wato kwan fitila ɗaya da aka ɗaura wa waya biyu. Kayan gyara na asali suna nan a kanti, mai hali yakan saya.

Daga 1986 labari ya sauya. Gwamnatin Babangida ta kawo SAP, shirin tsuke bakin aljihu, darajar naira ta faɗi, sabon kaya ya fi ƙarfin ma'aikaci. A ganina a nan ne aka haifi sana'ar a yadda muka san ta yau, domin sai da saye ya gagara sannan aka san darajar mai gyara. Muka koma Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna, muna sayen damin wayar motocin da suka yi hatsari. Yara su zauna ƙarƙashin rumfa su warware shi, a ware masu kauri gefe guda, sirara gefe guda, soket-soket a zuba a tsohon gwangwanin madara. Har gobe na fi yarda da wayar da aka ciro daga tsohuwar mota a kan sabuwar da ke nannaɗe a shago, zan faɗi dalili nan gaba.

Sai 'yan Kwatano, wato tsofaffin motocin waje da ake shigowa da su ta Kwatano, suka iso a shekarun 1990, Golf da Marsandi da Honda da Toyota, kowace da yarenta. A motar Jamus waya mai ruwan ƙasa ita ce at, wadda ke komawa jikin ƙarfen mota. A Toyota fara ce mai baƙin zane. A Honda baƙa ce. Wanda ya ɗauki ilimin wannan ya kai wa waccan, hayaƙi zai gani. Jamusawa sun taimaka da abu guda: lambobin da suke bugawa a jikin makunni da rile ba sa canzawa daga mota zuwa mota. 30 wuta ce kai tsaye daga batir, 15 sai an murɗa makulli, 31 at, 56a ful, 56b dim, 58 ƙananan fitilu. Wanda ya riƙe waɗannan ya huta da yawan lalube.

Motocin nan sun zo da cututtukan ƙasashensu. A Turai gishiri ake watsawa a titi lokacin ƙanƙara, shi kuma yana cin ƙarfe, musamman wurin da aka ɗaure wayar at da noti. Alamar wannan cuta ba ta ɓuya: direba ya taka burki, sigina ta ɗan yi haske, ko ya kunna sigina fitilar baya gaba ɗaya ta riƙa numfashi. Wuta ce ta rasa hanyar komawa, ta bi ta cikin kwan maƙwabta. Mai mota yakan zo a tsorace.

"Oga, an ce mini wayarin ɗin duka ya tafi."

"Alhaji, buɗe mana but tukuna."

A kwance noti ɗaya, a kankare tsatsa har ƙarfe ya yi fari, a ɗaure, a shafa giris. Shi ke nan. Wannan aikin mai mota zai iya yinsa a ƙofar gida, haka ma duba wayoyin da ke cikin robar da ke lanƙwashewa duk lokacin da aka buɗe murfin but, inda suke karyewa a ciki alhali robarsu na nan lafiya. A cire kan batir na negetif kafin a taɓa komai. Akwai kuma wasu motocin Jamus na farkon shekarun 1990 da rufin wayarsu ke marmashewa da zafi, kana taɓawa ya zube kamar busasshen ganye. Waɗannan kam sai an sake saƙa damin da sabuwar waya, ana kwaikwayon tsohon a shimfiɗe a kan allo.

Dole a faɗi ɓarnar da ta fito daga cikinmu, don ita ce ta sa wasu ke jin tsoron miƙa mana makulli. Direbobin dare suna son haske, sai a cire kwan H4 mai wat 60/55 a sa mai 100/90. Kwan wat 55 yana jan kusan amfiya huɗu da rabi, mai 100 ya haura takwas, a kan siririyar wayar da ba a yi ta don haka ba. Soket ya narke, makunnin sitiyari ya ƙone. Ingantaccen gyara sananne ne tun da daɗewa: rile biyu kusa da batir, ɗaya na dim ɗaya na ful, da waya mai kauri da fis nata, tsohuwar wayar ta koma ba da umarni kawai. Amma mai gaggawa sai ya jawo wuta kai tsaye ba fis. Wani kuma fis na ƙonewa, maimakon ya tambayi abin da ke ƙona shi, sai ya naɗe shi da takardar kwalin sigari ko zaren waya. Fis ɗin nan ransa yake bayarwa don kada damin ya kama wuta. Sai ɗaurin murɗa-ka-naɗe: a murɗa waya biyu da hannu a rufe da baƙin salatif. Zafin Afrilu na zuwa gam ɗin ya saki, damina na zuwa tagullar ta yi kore. Ɗauri na gaskiya da dalma ake yi ko a matse shi da ƙarfen haɗi, a zura robar da ke tsukewa idan ta ji wuta, kuma idan wayoyi da yawa ne a jere kada ɗaurin ya taru wuri guda.

Motocin Amurka da suka biyo baya sun zo da kwamfuta. Tun 1996 dokar can ta wajabta soket ɗin da ake jona na'urar bincike. A motocin baya-bayan nan makunnin fitila ba ya ɗaukar wutar kwan, saƙo kawai yake aika wa wani akwati ta wayoyi biyu da aka tufke, akwatin ya kunna. Tsohuwar testa mai kwan fitila, wadda muke huda waya da ita ba tunani, tana iya kashe akwatin da kuɗinsa ya ninka na aikin sau da yawa. Na ga dattawa masu hannu sun koma gyaran kik da altaneta saboda wannan, yaransu kuma suna sauke zanen wayarin a wayar salula suna aiki da mita. Yaran sun fi mu karatu. Abin da nake yi musu faɗa a kai shi ne na'ura tana faɗin layin da ya mutu ne, ba ta nuna inda ɓera ya ci waya a bayan fitila. Hatta kwan LED da ake yayi, da yake ba ya jan wuta sosai, wata motar sai ta ɗauka kwan ya mutu ta kunna gargaɗi, ko sigina ta riƙa ƙyaftawa da sauri.

Batun sabuwar waya kuwa, kasuwa ta cika da wadda cikinta alminiyam ne aka shafe shi da ruwan tagulla. Ba ta da nauyi a hannu, in ka kankare zaren da wuƙa za ka ga fari, in ka kara mata ashana ta lanƙwashe. Ba ta ɗaukar wuta kamar tagulla, kuma girgizar hanya na karya ta.

Akwai inda ni ma nake cewa a nemo wani damin. Idan gobara ta narkar da wayoyi suka manne da juna, ko motar ta kwana cikin ambaliya tsatsa ta bi ƙarƙashin rufin waya, ɗauri ba ya ƙarewa, yau nan gobe can. Wayoyin jakar iska masu soket ruwan ɗorawa kuwa, da ke bi ta sitiyari kusa da makunnin fitila, ba na ɗaura su, ba na kuma barin yaro ya kai musu testa.