Me Ya Sa Ba A Ganin Tutar Najeriya A Gasar Waƙa Ta Ƙasashe?

Duk wanda ya saba bi ta Area 11 a Garki, nan Abuja, ya san hedikwatar gidan talabijin na ƙasa, wato NTA. Da yawanmu labaran ƙarfe tara na dare muke tunawa idan an ambace shi. Amma a wasu ƙasashe gida irin wannan yana da wani aikin: duk shekara shi ke zaɓo waƙa ɗaya, ya tura ta gasa da sunan ƙasa baki ɗaya. Najeriya kuwa, duk da tarin mawaƙanta da suka cika duniya, ba ta da wannan al'ada. Bari mu bi tarihi mu ga inda gizo ke saƙa.

Uwar irin waɗannan gasa ita ce Eurovision. An fara ta ranar 24 ga Mayu, 1956, a garin Lugano na ƙasar Suwizalan, da ƙasashe bakwai kacal. Ƙungiyar gidajen rediyo da talabijin ta Turai, EBU, ita ta shirya, kuma har gobe ita ke riƙe da ita. Abin lura shi ne, mawaƙi ba ya shiga da kansa komai shahararsa. Gidan talabijin na ƙasa, wanda yake mamba a ƙungiyar, shi ke da kujera. Shi ke biyan kuɗin shiga, shi kuma ke yanke yadda za a yi zaɓe. Wasu sukan zauna a ofis su nuna mutum ɗaya. Wasu kuma, kamar Suwidin da Italiya, sukan yi gasar cikin gida da jama'a ke kallo suna jefa ƙuri'a.

Iyakar da ƙungiyar ke aiki da ita ta haɗa da Arewacin Afirka, amma ba ta tsallako Sahara ba. Shi ya sa NTA ba ta da hurumin shiga, alhali Maroko ta taɓa shiga. A 1980, a birnin Hague na ƙasar Holand, Samira Bensaid ta tsaya wa Maroko da waƙar Larabci. Cikin ƙasashe 19 ta zo ta 18, da maki bakwai, duk daga Italiya. Maroko ba ta sake komawa ba, kuma har yau ita kaɗai ce ƙasar Afirka da ta taɓa hawa wannan dandali. Sai dai ba a nan yarinyar ta tsaya ba. Ta koma Masar, ta zama Samira Said da ƙasashen Larabawa suka sani.

Jinin Najeriya ya isa wurin, amma a ƙarƙashin tutar wasu. Destiny Chukunyere, wadda mahaifinta ɗan ƙwallon Najeriya ne da ya zauna a tsibirin Malta, ta ci gasar ɓangaren yara a 2015 tana da shekara 13. A 2021 ta wakilci Malta a babbar gasar a Rotterdam, ta zo ta bakwai. Malta ƙasa ce da yawan mutanenta bai kai na Abuja ba, amma tana da abin da muka rasa: kujera, da hanyar zaɓe.

To mu a gida me muka yi? Ba a bar mu a baya ba wajen talabijin. An buɗe ta Ibadan a 1959, ta Kaduna kuma a 1962 a zamanin Sardauna. Ta rediyo da talabijin na Kaduna muryoyin su Mamman Shata da Ɗanmaraya Jos suka shiga gidajen da ba su taɓa takawa ba. A 1977 gwamnatin soja ta haɗe gidajen talabijin duka ƙarƙashin NTA. A wannan shekara ce kuma aka yi FESTAC, daga 15 ga Janairu zuwa 12 ga Fabrairu, inda ƙasashe fiye da 50 suka hallara a Legas, aka yi babban hawan daba a Kaduna. FESTAC baje kolin al'adu ne, babu na ɗaya babu na biyu, amma ya nuna mana cewa zaɓen wanda zai tsaya da sunan ƙasa ba ya rasa rigima. Fela Kuti ya saɓa da masu shiryawa, ya janye, ya riƙa yin wasansa a gidan rawarsa, baƙin bikin suna tururuwa can da dare.

Afirka ma tana da tata ƙungiyar gidajen watsa labarai. An kafa URTNA a 1962, kuma a nan Abuja ne, a babban taronta na 2006, aka sauya mata suna zuwa AUB. Sai dai ba a samu wata gasar waƙa ta shekara-shekara da ta ɗore a ƙarƙashinta kamar ta Turai ba. Kamfanoni ne suka cike gurbin: Idols West Africa a 2007, wadda Timi Dakolo ya ci, sai Project Fame daga 2008, wadda ta fito da Iyanya da Chidinma. A irin waɗannan kowa kansa yake wakilta, kuma da Turanci ake gudanar da su. Mai kukuma ko gurmi daga Katsina ko Zazzau ba shi da ƙofar shiga.

Gasar da ta fi kama da ta ƙasashe ita ce AfriMusic, wadda aka yi ta intanet daga 2018 zuwa 2020. Eswatini ta ci ta farko, Afirka ta Kudu ta biyu, ta ukun kuma ɗan Najeriya, Dhortune ThatOndoBoy, ya ɗauke ta. Ku tambayi mutum goma a kasuwar Wuse ko sun san mun taɓa cin wannan gasa. Abin da babban gidan talabijin bai ɗauka ya kai wa jama'a ba, ko an ci kamar ba a ci ba. A watan Satumba na 2025 kuma Rasha ta farfaɗo da gasar Intervision a Mosko. Masar, Habasha, Kenya, Madagaska da Afirka ta Kudu sun je, Biyetnam ta ci, babu Najeriya a jerin.

Ina ruwan Bahaushe da wannan? Ruwansa shi ne, duk ranar da aka buɗe wa Najeriya irin wannan ƙofa, tambayar farko ita ce wa zai zaɓa, kuma da wane harshe za a rera. Idan babu tsari tun daga tushe, a ɗaki ɗaya za a zauna a Legas ko Abuja a nuna wanda aka riga aka sani. Kada kuma a ce harshe ne cikas. Tun 1999 aka bar kowa ya yi waƙa da harshen da ya so a Eurovision, yawanci suka rungumi Turanci, amma Fotugal ta ci a 2017 da harshenta, Italiya a 2021, Yukiren a 2022. Hausa ta fi harsuna da yawa na Turai yawan masu magana, daga Kano zuwa Maraɗi, daga Kumasi zuwa Sudan.

Tsarin zaɓe kuwa ba baƙonmu ba ne. Ba muna haɗa karatun Alƙur'ani da waƙa ba ne, kowanne da matsayinsa, amma dubi musabaƙar da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ke jagoranta tun 1986. Daga ƙaramar hukuma zuwa jiha, daga jiha zuwa ƙasa, sannan wanda ya yi zarra ya tafi waje da sunan Najeriya. Yaron ƙauye ya san matakalar da zai hau. A Nijar ma akwai gasar Ɗan Gurmu, wadda ke tara mawaƙa daga jihohin ƙasar.

Mawaƙan Hausa na yau, irin su Aminu Ala, Nura M. Inuwa, Ali Jita da Hamisu Breaker, suna da masu sauraro har a ƙetaren iyaka. Abin da ya rage shi ne gidajen talabijin na jihohinmu, da Arewa24, da hukumomin raya al'adu su gina gasa mai matakai wadda ba ta mutuwa idan gwamna ya sauka. Da zafi-zafi akan daki ƙarfe. In muka jira sai an kira Najeriya sannan mu fara neman wanda zai tsaya mana, za mu tarar an riga an rufe jerin sunaye.

Allah Ya sa mu dace, amin.