Ranar da Bishiyar Kawu ta Ci Zaɓe

Ranar Litinin, 26 ga Afrilu, 2010, ina zaune a zauren kawuna a Rusairis, rediyo na kan tabarma tsakaninmu. Ko makarantar aikin jarida ban shiga ba a lokacin, amma ni nake murɗa masa tasha. Umdurman ta kawo sanarwa: Umar Hasan al-Bashir ya lashe zaɓen shugaban ƙasa da kashi 68 cikin ɗari. Kawu ya dangwala wa bishiya, alamar jam'iyyar al-Bashir, don haka na juya ina jiran kabbara. Sai kawai ya ce, "Kashe, yaro, kada batir ya ƙare."

Na ce, "Kawu, naku fa ya ci."

Ya ce, "Ya ci a Khartum. A nan wa ya ci?"

Gaskiyarsa. A jiharmu ta Bulu Nayil, Malik Agar na jam'iyyar SPLM ne ya samu kujerar gwamna. Shugaba na gida ɗaya, gwamna na wani gidan, kowanne kuma da sojojinsa.

Mai karatu, kafin ka yi wa kawu hukunci, bari mu koma baya. Hanyar Hajji ce ta kawo yawancin kakanninmu wannan ƙasa. Wasu kuma hijira suka yo bayan Turawan Ingila sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a Burmi a 1903. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya jagoranci jama'a har suka kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar. Daga nan ƙauyuka suka bi kogi suna yin kudu, ana noman dawa da riɗi, ana kamun kifi. Jezira ta ci gumin Hausawa a gonakin auduga, Rusairis ma ta ga madatsar ruwanta ta kammalu a 1966 muna nan.

Amma takarda ba ta bi gumi ba. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta ɗaure abin da zaman mutum ko na kakanninsa tun ƙarshen 1897. Wanda kakansa ya iso bayan Burmi sai ya ga an mai da shi baƙo a garin da aka binne cibiyarsa. Daga nan irin ra'ayin riƙau na su kawu ya samo tushe. Yana son shari'a, yana son ganin yaro na rusuna wa babba, yana ƙin hayaniya. Sai dai a ƙarƙashin duk wannan akwai lissafi guda: wanda bai da tabbas a kan gonarsa ba ya jayayya da mai hatimi.

Shi ya sa ko abin da ya faru a 2008 bai sauya shi ba. A shekarar ne wata jaridar Khartum ta jingina wa al-Bashir maganar da ke shakkar zaman Hausawa 'yan ƙasa. Gwamnati ta musanta, amma sai da jama'a suka fito kan titi a Gadarif. Samarinmu suka ce kuri'a ce za ta rama. Kawu ya ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Abin da ya tsorata da shi bai jima ba. Kudu ta ɓalle ranar 9 ga Yuli, 2011. A farkon Satumba faɗa ya ɓarke a Damazin, tsallaken kogi daga gare mu, al-Bashir ya tuɓe Agar ya kafa dokar ta-ɓaci. Shawarar jama'a da yarjejeniyar 2005 ta yi wa jihar alkawari ta mutu a hanya. A 2015 aka ce al-Bashir ya samu kashi 94. Ranar 11 ga Afrilu, 2019, sojojinsa suka sauke shi.

Sai Yulin 2022. Maganar ba Hausawa sarautar gargajiya tasu a jihar, wadda a nan ba a raba ta da maganar mallakar ƙasa, ta zama jini a Rusairis da Ganis. A Oktoba abin ya sake tashi a Wad al-Mahi. Dubban iyalai suka bar gidajensu, maƙwabta da suka yi shekaru suna cin kasuwa ɗaya suka rasa 'yan uwa a kowane ɓangare.

Yanzu da nake bayan makirufo, na gane shirun kawu. Hangensa daidai ne: ya ga wutar tun tana hayaƙi. Maganinsa ne bai yi ba. Ya jingina da mai mulki don a bar masa gona, mai mulki ya tafi, tambayar gonar tana nan yadda take. Mu da muka yi masa dariya ma ba mu kawo wata amsa ba. Ranar da za a sake kafa rumfar zaɓe a Sudan, abin da zan tambayi kowane ɗan takara a shirina shi ne: wace doka za ka rubuta da za ta tsare gonar Bahaushe da ta maƙwabcinsa, ko kana kan kujera ko ba ka kai?

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.